Yadda Ake Yanka Littafin Gwaggo Ya Zama Fim, a Matakai Bakwai

Idan burinka shi ne ka ɗauki littafin almara mai shafi ɗari tara, irin mai taswira a farko da jerin sunayen sarakuna a ƙarshe, ka matse shi ya koma fim ɗin awa biyu, to ka zo inda ya dace. Ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari fim zai fito, sinima za ta cika, duk wanda ya karanta littafin kuma zai daina gaishe ka. Ba da ka nake magana ba. An gwada dabarar a kan wani marubucin fim da ake ce wa Almakashi, ta kuma yi aiki fiye da yadda shi kansa ya so.

Mataki na 1: Nemi marubucin da ba zai kai ka kotu ba

Baƙon marubuci yana da lauya. Na gida kuwa kunya kawai gare shi.

Almakashi bai yi nisa ba. Gwaggonsa ya nufa, yayar mahaifinsa, wadda ta riƙe shi tun yana shekara shida. Shekara talatin ta yi tana buga takardu a wani ofis, da ta yi ritaya ta ajiye tafireta a kan teburin falo, ta shafe shekara goma sha tara tana buga Rijiya Ta Tara, littafi uku reras. Labarin wata ƙasa ce da rijiyoyinta takwas suka ƙafe, wata mai haƙar rijiya ta fita neman ta tara, wadda aka ce dodo ne ke kwance a cikinta.

Ya same ta tana goge tabarau, ya durƙusa ya gaishe ta.

"Gwaggo, so nake duniya ta ga littafinki a majigi."

"Ka karanta shi?"

"Haba Gwaggo!"

Ka lura da wannan amsa, ka haddace ta. Ba e ba ce, ba a'a ba ce, mai tambaya ne zai ji kunya. Gaskiyar magana, Almakashi ya karanta littafi na ɗaya, ya leƙa shafi ashirin na ƙarshen na uku. Na biyu kuwa da shi yake tokare taga.

Gwaggo ta sa hannu a takarda, amma kafin ta miƙa masa ta ce, "Abu ɗaya, ɗan nan. Kada ka taɓa min Mai Igiya."

"Ko gashin kansa ba zan taɓa ba."

"Sanƙo gare shi."

"Shi ya sa na ce, Gwaggo."

Ya fito yana share gumi, bai san ko wane ne Mai Igiya ba.

Mataki na 2: Yanka, kada ka waiwaya

Masu rubuta irin wannan littafi suna son tafiya a ƙasa. Jaruma za ta yi shafi ɗari huɗu tana takawa, tana kwana, tana tashi, tana bayanin kowace bishiya da sunan kakanta. Kai daƙiƙa goma ta ishe ka. Ɗaga kyamara sama, nuna mutane uku a kan tudu, saka kiɗa mai ban tausayi. Sun iso.

Waƙoƙi kuwa, zubar da su gaba ɗaya. Gwaggo tana da waƙa goma sha ɗaya, ɗaya ma mai baiti sittin ce, duk a kan guga.

Sannan ka haɗa mutane. A littafin akwai 'yan'uwa bakwai masu gadin gada, kowanne da halinsa da abin da ya sa ba ya magana da na biye da shi. Almakashi ya narkar da su suka zama ƙato ɗaya mai gatari. Birane biyu masu gaba da juna ya mayar da su gari ɗaya, har mutanen suka rasa da wa suke faɗa.

A nan ne ya zaro littafi na biyu daga taga, ya je neman Mai Igiya. Ya same shi a babi na uku, wani tsoho mai sanƙo da naɗin igiya a kafaɗa, ya ɓullo haka kawai yana bin jaruma. Almakashi ya riƙa tsallake shafuka yana neman inda tsohon ya yi wani abu. Ba ya yaƙi, ba shi da sihiri, ba ɗan sarkin da ya ɓata ba ne. Igiya yake gyarawa, ya dafa shayi, ya yi barkwancin da ba wanda yake dariya.

Almakashi ya tuna alkawari. Sai ya ja layi a kan sunan, ya rataya igiyar a jikin sirdin doki, ya ce ai ruhinsa yana nan.

Mataki na 3: Gyara jaruma yadda za ta shiga fosta

A littafin, jaruma tana da shekara hamsin da biyu, da ciwon gwiwa, makaminta kuma diga. Furodusan fim ɗin, mai sayar da kayan gini ne wanda bai taɓa buɗe littafin ba, ya ajiye takardar ya kalli Almakashi.

"Hamsin da biyu? Malam, wa zai bar gidansa ya zo kallon ciwon gwiwa? Ai muna da shi a gida."

"Yallaɓai, a littafin gwiwar tana da ma'ana."

"A fim ɗin ba ta da ita. Cire talatin. Ba ta takobi. Ina saurayin?"

"Babu saurayi."

"To nemo."

Almakashi ya nemo. Akwai wani yarima da ya faɗo daga kan doki ya mutu a shafi na goma sha ɗaya. Ya tashe shi, ya kakkaɓe shi, ya ba shi gashin baki da rabin fim ɗin. Kada ka ji komai game da wannan. Matattun littafi ba sa kai ƙara.

Mataki na 4: Fito da dodo tun da wuri

Gwaggo ba ta taɓa nuna dodonta ba. Numfashinsa kawai ake ji daga ƙasan rijiya, shafi bayan shafi, har mai karatu ya fara tsoron randar gidansu. A ƙarshe jaruma ta sauka, ta tarar tsoho ne makaho, yana kwance a kan idon ruwa bai sani ba, shi ma ƙishirwa ce ke kashe shi. Ta shayar da shi ruwan da ya rage mata, ya matsa gefe, ruwa ya ɓulɓulo. Babu wanda aka sara.

Wannan ba zai yiwu ba. Mai kallo ya sayi tikiti, yana so ya ga haƙora. Dodon Almakashi ya fito a minti na biyar da kai uku, yana feshin wuta. Mai kwamfuta ya yi ƙoƙari da kai biyu, na ukun dai ko ta ina ka kalle shi akuya ce. A ƙarshe aka yi yaƙin minti ashirin da biyar, yarima ya sare kawunan, jaruma ta tsaya a gefe iska tana kaɗa mata gashi.

Mataki na 5: Hana marubuci zuwa wurin ɗauka

Ce masa wurin da nisa. Ce masa akwai ƙura, akwai wayoyi a ƙasa, babu kujera. Almakashi ya faɗi duk wannan, ranar Laraba da hantsi sai ga Gwaggo ta sauko daga tasi da kujerarta ta roba.

Ta zauna bayan darakta ta kalli yarinyar da ke jujjuya takobi.

"Wannan 'yar wa ce?"

"Ita ce jarumar, Gwaggo. Lokacin ƙuruciyarta."

"Wancan mai gashin bakin fa?"

"Yarima ne."

"Allah ya ji ƙansa, ai ya rasu."

"Ya ɗan samu sauƙi."

Gwaggo ta gyaɗa kai. Ta dubi wurin daga wannan kusurwa zuwa waccan, tana bin kan kowane namiji da ido. Almakashi ya san abin da take nema.

"Ina Mai Igiya?"

A nan ne mutumin kirki zai faɗi gaskiya. Kai ba wannan ka zo koyo ba. Almakashi ya ce, "Gobe ne fitowarsa, Gwaggo. Yau yana wurin aski."

Ta dube shi ta saman tabarau na ɗan lokaci, irin kallon da take masa yana yaro idan ya ce ba shi ya shanye madara ba. Sannan ta ciro wata tsohuwar hular ulu daga jakarta ta miƙa masa.

"Ka ba shi ya sa. Sanyi yana damun kansa."

Almakashi ya karɓa da hannu biyu, ya jefa a akwatin kayan wasa, ya manta.

Mataki na 6: Ranar nunawa, zauna kusa da ƙofa

Sinima ta cika. Waɗanda ba su karanta littafin ba suka yi ta tafi, har da masu fito idan akuyar ta buɗe baki. Waɗanda suka karanta, su kimanin talatin, sun zauna wuri ɗaya kowa da kwafinsa a cinya, tsakinsu yana tashi tare kamar an horar da su. Wani malamin makaranta ya miƙe a tsakiyar yaƙi ya ce, "Ina 'yan'uwa shida?" aka ja rigarsa ya zauna.

Almakashi ya yi kuskure, bai zauna kusa da ƙofa ba. Kusa da Gwaggo ya zauna. Duk tsohon da ya gifta a majigi sai ta matso gaba, ta gyara tabarau, ta koma ta jingina. Da doki ya wuce da igiya a sirdi, ya ji ta ja numfashi. Daga nan ba ta sake matsowa ba.

Ya mayar da ita a mota. A ƙofar gida ta juyo ta dube shi.

"Fim ɗin ya yi kyau, ɗan nan," in ji ta. "Wa ya rubuta littafinsa? Ina so in karanta."

Ta shiga ta rufe ƙofa a hankali. Da ma ta buga ta, da ya fi masa sauƙi.

Mataki na 7: Karɓi hukunci

Kwana tara tana amsa gaisuwarsa a waya da "lafiya" kawai. Rana ta goma ya je da kansa bayan la'asar, ya durƙusa a bakin teburin tafireta ya ce ya yi laifi, ta yi masa duk abin da ta ga dama.

"Idona ya yi rauni," in ji Gwaggo. "Shekara biyu ban iya karanta littafina ba. Ɗauko na ɗaya. Daga taswira za ka fara."

"Duka, Gwaggo?"

"Har waƙar guga."

Haka ya riƙa zuwa kullum da yamma, yana karantawa tana gyara masa. Bayan sati biyar suka shiga littafi na biyu, babi na uku. Mai Igiya ya ɓullo, jaruma ta miƙa masa ruwa a ƙoƙo, ya leƙa ciki. Almakashi ya karanta da ƙarfi: "Ke, akwai wani mummunan tsoho a cikin ruwan nan yana kallona."

Ya sauke littafin.

Ya san maganar. Kowace safiya ta ƙuruciyarsa ya ji ta. Marigayi Baba, mijin Gwaggo, yakan leƙa bokitin wanka ya faɗe ta, ya yi dariya shi kaɗai, Gwaggo ta yi tsaki daga kicin. Baba mai sanƙo, wanda ba ya yarda kowa ya ɗaure igiyar shanya sai shi. Hular ulun nan ma, sai yanzu ya tuna a kan wa ya saba ganinta.

"Ina tsakiyar rubuta na biyu likita ya ce saura masa wata uku," in ji Gwaggo, tana kallon taga. "Na ce to, wannan a wurinku. Na sa shi a littafi. Shafi ɗari shida ya yi, ko mura bai yi ba."

Almakashi ya sunkuyar da kai. "Gwaggo, bai yi komai ba a labarin, shi ya sa na…"

"Da jarumar ta sauka rijiya, wa ya riƙe igiyar?"

A fim ɗinsa tsalle jarumar ta yi.

Washegari ya birkice akwatuna huɗu a ɗakin ajiyar furodusa, ya samo hular a ƙarƙashin kan akuya na roba. Ya wanke ta, ya kawo. Gwaggo ta karɓa ta ajiye a cinya, ta ce ya koma farkon babin, jiya ya haɗiye layi biyu.

Furodusa ya kira sau shida yana neman kashi na biyu, da dodo mai kai biyar. Almakashi ya ce masa yana karatu.

Gargaɗi

Mai wannan nasiha ba shi da hannu a duk abin da ya same ka. Idan masu karatu sun tare ka a bakin sinima, idan gwaggonka ta koma amsa maka da kalma ɗaya, idan ka tsinci kanka kana rera baiti na arba'in da ɗaya a kan guga, tsohuwa tana buga teburi tana cewa ka ɗaga murya, kada ka neme ni. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Ni editan fim ɗin ne kawai, abin da aka ba ni na yanka. Kuma ba na nan da yamma: Gwaggo ta gano cewa ni na ba Almakashi shawarar narkar da 'yan'uwa masu gadin gada, ta ce ni zan karanta na uku.