Rezar da Ta Kai Ni Argungu

Ba zan taɓa mantawa da kwana taran da na yi ina zargin matata a zuci ba, ita kuwa ba ta san laifinta ba.

Wata Asabar, kwana biyu da yin askin tsarki, na ga ƙuraje uku a inda ba a nuna wa kowa. Maimakon in tambayi mai sani, sai na tambayi waya. Ta jero mini hotunan wata cutar saduwa da likitoci ke kira herpes. Na san ban taɓa taka ko'ina ba, sai zuciya ta juya kan Hadiza, matata ta shekara sha huɗu, wadda daga keken ɗinkinta sai sallaya. Na kwashe shimfiɗa na koma falo, wai zafi nake ji (a watan sanyi fa).

Don kada a gane ni a Birnin Kebbi, na shiga mota har Argungu. Ina shiga ɗakin likita ya miƙe tsaye.

"Malam! Kai na? Ni na Bashar, da kak koya ma lissahi!"

Yaron da na sha tsugunarwa a gaban aji, yau shi ne ya ce in kwance tazuge. Na kafa wa silin ido.

Ya duba a natse ya ce, "Malam, gashi na yat tanƙware ya koma cikin hwata, ga shi nan ana gani. Waccan cuta ƙananan ƙuraje masu ruwa take yi a cunkushe, da raɗaɗi, su hwashe su zam gyambo. Kuma ko ita ta, tana iya kwanciya shekaru a jiki, ba shedar cin amana ba ta. Da wace reza kaka aski?"

Na dawo gida na ɗauko rezar daga tagar makewayi. Ta dakushe, har da guntun jan zare maƙale a bakinta. Hadiza ta gani ta riƙe baki.

"Wayyo, Baban Aisha! Da ita nika hwarke ɗinki in tawa ta ɓace, in maida maka."

Na zauna kusa da keken na faɗa mata komai, har zargin. Na jira faɗa. Sai idonta ya cika da hawaye.

"Ni ko na ɗauka ka gaji da ni. Kullum sai in sake miya, ko ita ta ba ka so."

Wannan ya fi kwance tazugen ba ni kunya. Na roƙe ta gafara, ta ce sai na kwaso shimfiɗata daga falo tukuna.

Yanzu kwalin reza biyu nake saye, nata da nawa. Kuma in wani abu ya fito mini, kafin waya, matar da ta yi shekara sha huɗu da sanin jikina nake fara nuna wa.