Takin Bature a Gayaunar Hansai

"Lafiya lau, ya hanya? Af, ashe mijin nan nawa ne da ba ya cefane."

"Ni ne, tsohuwa. Har yanzu kina nan kina cinye wa yara tuwo?"

Halliru ke nan, sabon malamin gona, ya tako keke daga Wudil zuwa Utai da ƙunshin takin Bature. So yake kakarsa Hansai ta zuba a gayaunarta ta gyaɗa. In ita ma ta ƙi, babu manomin da zai ƙara sauraronsa a garin.

Ta leƙa ƙunshin ta taɓe baki. "Gishirin nan ba zai taɓa min gyaɗa ba."

"Yau ba hayaniya za mu yi ba. Yadda aka koya mana a makaranta, ke ki faɗi hujjata, ni in faɗi taki, sannan a yi musu."

"Wato ni ce Halliru? Da wannan ƙeyar?" Ta fizge hularsa ta kifa a kan ɗankwalinta, ta buɗe murya. "Ke tsohuwa mai taurin kai, ƙasar nan ta gaji. Da kwando goma kike samu, bara shida. Awakinki biyu, kashinsu ko miya ba zai isa ba."

Halliru bai taɓa jin zancen kwando shidan ba. Ya dai ranƙwafa ya kama ƙugu. "To ni ce Hansai. Yaro, irin nan shi kaɗai gare ni. In takinka ya ƙone shi, kai ka haye kekenka ka koma Wudil. Ni da me zan yi ƙuli?"

Yana faɗa, maganar ta dake shi, tausayinta ya kama shi.

"Ba zai ƙone ba," in ji Hansai.

"Ka gwada a gonar wa?"

"An gwada a Kano."

"Kano daban, Utai daban. Wallahi ba za a zuba ba." Ya suri ƙunshin ya nufi keke da gaske.

"Ina za ka da takina?"

"Takinki? Ba ke kika ƙi shi ba?"

"Halliru ke tambaya."

"To ni wane ne?" Ya tsaya riƙe da ƙunshi, ya shafa kai ya ji ba hula. "Tsaya, yanzu wa ya ci?"

Hansai ta yi dariya har da tari. Ta cire hular, ta cika ta da ƙuliƙuli, ta miƙa masa.

"Zuba a kunyoyi uku na bakin hanya, inda kowa zai gani. Saura na awakina ne. In gyaɗar ta yi, ka ci. In ta ƙone, ka ba ni takardata in auri mai garke."