Rasuwar Dattijo, Rediyon Malam Ɗantani na Jakara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, Malam Ɗantani maɗinkin hula na Jakara yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar rediyonsa, wanda duk lungun suka sani da suna Dattijo. Ya cika ranar Alhamis da magariba a kan kantarsa ta ɗakin soro, yana da shekara hamsin da 'yan kai.

Mahaifin Malam ne ya sayo marigayin a kasuwar Kurmi, tun Malam bai iya ɗaura tazuge ba. Jikinsa katako ne, cikinsa fitilu. Bai taɓa gaggawar magana ba. In an kunna shi sai ya ɗumama tukuna, ya yi gyaran murya, "ƙrrr, shuuu," sannan ya faɗi abin da ya jiyo ba ragi ba ƙari. Mutane sun san shi da gajeren zango. Malam Ɗantani ne ya gano yana da dogon zango can ƙarshen allura, inda ba mai zuwa, kuma tun daga ranar gidan bai sake zama lafiya ba.

Shi dogon zango doguwar eriya yake so. Sai Malam ya ja wayar jan ƙarfe kamu saba'in, daga zankon soronsa zuwa darbejiyar maƙwabcinsa Alhaji Tanko, ya sauko da bakinta ta tsakar gida, daidai inda igiyar shanyar matarsa Malama Sa'ida take. Igiyar ce ta ba da wuri. Ya kafa ƙarfe a ƙasa kusa da rijiya don wayar ƙasa, yana shayar da shi ruwan alwala sau biyar a rana, gatan da zogalen gidan bai taɓa samu ba. Da wannan eriya Dattijo ya jiyo Larabawan bayan hamada da masu Faransanci, da wani "tit, tit, taa" na tashoshin da ke nuna wa jiragen sama hanya. Malam kan yi tagumi ya saurari wannan titit ɗin kamar ana ba shi labarin dangi. Kai, mutum da abin da yake so!

A rubuta, don gaskiya ce: shekara ashirin da biyu Malama Sa'ida ce ke kula da marigayin. Ita ta ɗinka masa mayafi saboda ƙura, ita ke goge shi kowace Juma'a, alhali ba ta taɓa jin komai daga bakinsa ba sai "shuuu". Wankinta kuwa a katanga take shanyawa. In katangar ta cika ne kawai take rataya abu ɗaya a wayar.

Game da ciwon ajali, an yaɗa labari a unguwa, kuma Malam ne ya yaɗa shi, cewa jiƙaƙƙen wanki ne ya kashe Dattijo. Wannan sanarwa ta janye maganar.

Ga yadda aka yi. Duk mai doguwar eriya ya san doka guda: hadari na tasowa, ka cire wayar daga jikin rediyo, ka maƙala ta a ƙarfen ƙasa. Malam ya sani, shi ke koya wa wasu ma. To ranar Alhamis da almuru, gabas ta yi baƙi ƙirin, sai Dattijo ya kamo wata murya siririya a cikin ƙarar hadarin, tashar da Malam ya shekara uku yana farauta. Sa'ida ta ɗaga murya daga tsakar gida ta ce, "Malam, hadari fa ya haɗu, ka cire wayar nan." Ya ce, "To." Aka kira salla. Ya dubi allurar, ya ji tsoron in ya taɓa komai muryar ta ɓace, ya ce a ransa ai raka'a uku ce. Ya bar Dattijo a kunne ya tafi masallaci.

Ana raka'a ta biyu tsawa ta faɗi a darbejiyar Alhaji Tanko. Kalmar marigayin ta ƙarshe, in ji wadda ke gida, "fat" ce.

Malam ya dawo a guje, maƙwabta na biye da shi, ya tarar da ƙauri ya cika soro. Da ya sauko sai ya ga jallabiya a rataye a wayar tana ɗiga. Nan ya samu mafaka. A gaban Alhaji Tanko da mutum wajen goma ya ce, "Kin kashe shi! Sau nawa zan ce miki ba igiyar shanya ba ce?" Jallabiyar tasa ce, ita ta wanke masa don Juma'a. Ba ta tuna masa ta gargaɗe shi ba. Da safe ta ɗauki mayafinta ta tafi gidan yayarta Hajo a Ƙofar Na'isa. Yau kwana shida.

An kai gawar wurin Mikail mai gyara. Ya buɗe bayanta, ya shinshina, ya ce, "Malam, wanki ba ya yin wannan. Eriya na jiki tsawa ta sauka, ko?" Malam ya sunkuyar da kai. Ba sabon labari aka ba shi ba.

Abin da ya hana shi cin abinci ma ba wannan ba ne. Da ya zo ninke jallabiyar, sai ya ga layin ƙuna baƙi daga kafaɗa zuwa kafaɗa, inda ta kwanta a wayar. Hajo ta aiko masa da saƙo cewa lokacin da tsawar ta faɗi, Sa'ida ta kwashe wankin katanga ta kai ɗaki, ta juyo ke nan za ta ɗauko jallabiyar. Taku huɗu ya rage. Malam yana so a sani cewa ya yi kuka, kuma ba Dattijo ya yi wa ba.

Marigayin ya bar waya kamu saba'in, da ƙarfen ƙasa wanda ba a shayar ba tun ranar, da mayafi guda, da darbejiya mai rabin reshe, wadda ake roƙon Alhaji Tanko ya yafe. Ya kuma bar mai shi, wanda ya iya jiyo murya daga bayan hamada amma bai ji ta tsakar gidansa ba.

Jana'iza: an riga an sauke wayar, an naɗe ta. An ɗaura sabuwar igiyar shanya a wurinta na da. Za a naɗe Dattijo a mayafinsa a ajiye shi a saman sif, amma ba a sa rana ba, domin wadda ta yi masa hidima ita ta cancanci ta rufe shi, in ta yarda. Ba a karɓar gaisuwa a zaure. Ana dai roƙon duk wanda ya ji ihun ranar Alhamis, musamman Alhaji Tanko, ya hallara a ƙofar gida gobe bayan an sauko daga Juma'a, a raka Malam Ƙofar Na'isa da ƙafa, ya maimaita wannan magana da bakinsa a gabansu. Ba zai yi wuyar ganewa ba. Shi ne mai jallabiya da ƙuna a kafaɗa.