Sojojin Malam Jethro

"Ni da mura mun raba gari," in ji Malam Jethro, malamin firamare a Jigwada. "Maganin zinki nake sha. Shi ke horar da sojojin da ke cikin jini, su san wa za su kama, wa za su ƙyale. Jikina bariki ne!"

Ai kuwa sai mutane suka raɗa masa Janar.

To, Janar na neman auren Priskila, mahaifinta Baba Siman na Agwada kuwa ya ce ba zai ba rago 'yarsa ba, mai lafiya yake so. Ranar gaisuwar surukai, Janar ya biya kemis sayen zinki.

"Ƙwaya ɗaya a rana, Malam, kuma bayan ka ci abinci," in ji Nasiha mai kemis. "In ya yi yawa, sojojin ma rikicewa suke yi."

"Wannan dokar farar hula ce, 'yata."

Ya watsa shida. Tun safe kuma bai karya ba, wai yana ajiye wuri don sakwarar surukai. Ya hau okada, hanya ta yi ta girgiza barikin.

A Agwada aka shimfiɗa tabarma, dangi suka kewaye shi. Janar ya gyara babbar riga ya soma lacca.

"Baba, shekara uku ko atishawa ban..."

Cikinsa ya yi wani ƙugi, har akuyar gidan ta amsa.

"Ɗana, lafiya kake gumi haka?" in ji Mama Judit, uwar Priskila.

"Atisaye suke yi, Mama."

Ta buɗe kwanon miyar riɗi, wadda duk Agwada ba a taɓa kushe ta ba. Ƙamshi ya doki hancin Janar. Ya miƙe zai nemi bayan gida, bai kai ko'ina ba. Daidai kan takalmin zuwa cocin Baba Siman rundunar ta fito ta baki, ba tare da izinin kowa ba.

Mama Judit ta rufe miyarta a hankali. Priskila ta shige ɗaki.

Baba Siman ya daɗe yana duban takalminsa, sannan ya ɗago.

"Janar, koma gida ka kwanta. In an gama juyin mulkin, wanda ya ci ya zo mu yi maganar aure."

Wani tela mai suna Natan ne ya zo neman auren, yana fyace hanci saboda mura. Shi aka ba Priskila.