Ranar Da Na Karanta Sunana Da Bakina

Ba zan taɓa iya mantawa da wata safiyar Talata a shekarata ta ƙarshe a kwaleji a Funtua ba, ko da na so. (Na so ɗin kuwa. Na gwada, abin ya ƙi.)

Malaminmu na fannin lantarki, Malam Isiyaku, ya raba mu rukuni-rukuni, ya ce kowane rukuni ya ƙera mutum-mutumi da zai amfani manomi, kuma makin wannan aikin ne zai nuna ko mutum ya kammala ko ya maimaita shekara. Mu sai muka zaɓi ƙera wata 'yar na'ura mai taya huɗu da za ta bi tsakanin kunyoyin masara tana zuba taki a gindin shuka. Suna dai mutum-mutumi, amma ta fi kama da baro da aka yi wa idanu.

Da aka zo zaɓen shugaba kowa ya sunkuyar da kai, ni kuwa na ɗaga hannu tun Malam bai rufe baki ba. Ba wai na fi kowa iya haɗa waya ba ne, ni dai Allah ya yi ni da son tsari. Na sayi fayil mai shuɗin bango, na zana jadawali da rula, kowane aiki da layinsa, kowane layi da sunan mai shi. Sabi'u ɗan Bakori zai yi gangar jiki da tayoyi, tunda yayansa mai walda ne. Lawal ɗan Gozaki zai kula da batir da injunan da ke juya tayoyin. Hadiza 'yar Danja za ta haɗa idanun da na'urar za ta riƙa gane hanya da su, da 'yar ƙofar da taki zai zubo. Ni kuma, a tawa fahimtar, aikina shi ne in tabbatar kowa ya yi aikinsa.

Sai aka ba mu hutu a tsakiyar damina, kowa ya koma gida da nasa ɓangaren. Kullum da safe sai na tura saƙo a guruf ɗinmu na waya: “Ina aka kwana? Duk wanda bai yi nasa ba, a gaban Malam zan karanta sunansa.” Lawal sai ya hau wani tudu a bayan gonarsu kafin saƙo ya shigo masa, ya tarar da guda goma sha, duk magana ɗaya. Na zaɓa wa rukunin suna, na zana tambari, na rubuta jawabin da zan yi ranar gwaji har shafi uku. Rabona da in gaji irin na wannan hutun, na manta.

Ranar Litinin, ana gobe gwaji, muka haɗu a ɗakin aiki, kowa ya sauke kayansa daga kan babur. Abin mamaki, komai ya shiga wurinsa. Na ɗauko ɗan allon da ake kira ƙwaƙwalwar na'urar, wanda tun farkon zango yake cikin jakata a ledarsa, na ɗaure shi a saman gangar jikin da kusoshi huɗu. Lawal ya jona batir, sai ga wata 'yar fitila tana ƙyaftawa, ƙyaf, ƙyaf, ƙyaf. Na ce, “Alhamdulillahi, ta farka.”

Hadiza ta dube ni ta ce, “Shugaba, ka ɗora kuwa?”

Na ce, “Na ɗora tun ɗazu.” (Ni allon nake nufi. Ai ga shi nan a ɗore, kowa yana gani. Har na ɗan ji haushin tambayar.)

Lawal ya ce a sauke ta ƙasa a gwada, amma batirin ya kusa mutuwa, makaranta kuma babu wuta. Na yanke hukunci irin na shugabanni: a kai batir shagon caji, gobe ma gani a fili.

Ban faɗa muku ba, na gayyato kawuna. Kawu Sale babban manomin masara ne a wajen Malumfashi, kuma na riga na cika masa baki cewa nan gaba kaɗan ba wanda zai sake duƙawa don zuba taki. Ya zo da abokansa biyu, dukansu da manyan riguna, aka ba su benci a gaba.

An ja kunyoyi shida a filin bayan ɗakin aiki. Rukuni biyu suka riga mu, na'urar na farko ta yi tafiya, ta na biyu ta juya ta bi malamin da ke rubuta maki, aka yi dariya, ni ma na yi, har da tafi. Da aka kira mu na karanta jawabina duka shafi ukun, sannan na duƙa na danna maɓalli.

Ƙyaf, ƙyaf, ƙyaf.

Na sake dannawa. Na danna na riƙe. Na dubi Lawal, ya sa na'urar awo a batir ya ce cike yake. Na dubi Sabi'u, ya ɗaga ta ya juya tayoyin da hannu, suna juyawa lafiya lau. Hadiza ta gifta hannu a gaban idanun, ta bi wayoyinta ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta cire. To mene ne? Na ce ko rana ce ta yi mata yawa, muka tare ta da fayil ɗina. Na ce ko nauyin takin ne, muka juye rabi. Na kashe na kunna har sau biyar. Fitila dai sai ƙyaftawa take, hankalinta kwance.

Daga kan benci Kawu ya ce, “Ɗana, ko ku ɗan tura ta? Wani lokaci sai an tura mota take tashi.”

Ku yarda da ni, na tura. Ta gangara taku biyu ta tsaya.

A nan ne Malam Isiyaku ya taso da kwamfutarsa, ya jona ta da allon, ya duba. Sai ya cire tabarau ya ce, “Ai babu komai a cikin nan. Wannan ƙyaftawar da ita ake sayar da allon, don a nuna sabo ne. Ba a rubuta mata umarni ko ɗaya ba. Wa aka ba aikin rubuta manhaja?”

Wani sanyi ya ratsa ni, sanyin daɗi. An gano laifi, kuma laifi yana da mai shi, kuma mai shi yana cikin fayil ɗina. Na gyara tsayuwa na ce, yadda har na baya za su ji, “Malam, wannan ba abin wahala ba ne. Komai a rubuce yake. Na sha gargaɗinsu, yau kuwa ba zan rufa wa kowa asiri ba.”

Hadiza ta ce a hankali, “Shugaba, dakata.”

Na ɗaga mata hannu. (Har na ƙudurta a raina ita ce, shi ya sa take neman a dakata.) Na buɗe jadawali na bi da yatsa. “Gangar jiki, Sabi'u. Batir, Lawal. Idanu, Hadiza. Rubuta manhaja da ɗora ta a ƙwaƙwalwa...”

Bakina ya riga hankalina isa wurin. Na faɗi sunan, da na mahaifi, da ƙarfi, sannan na ji ya yi mini kama da wanda na sani. Na sake duba takardar. Jan biro ne, rubutuna ne, har na ja masa layi biyu a ƙasa. A ƙarƙashinsa akwai wani suna da aka soke.

Na ce, “Wa ya rubuta wannan?”

Hadiza ta ce, “Kai ne. Ka manta mu biyar ne da farko? Ranar da aka mayar da Nura wani rukunin, na ce a ba ni aikinsa, ka ce a'a, abu mai muhimmanci irin wannan sai shugaba. Jiya ma na tambaye ka ko ka ɗora.”

Sai Sabi'u ya zauna a kan kunya ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Daga nan kowa ya fashe da dariya. Ɗaya daga abokan Kawu ya tambaye shi me ya faru, sai na ji Kawu yana bayani da natsuwa: “An yi wa abin komai, sai hankali ne ba a sa masa ba. Kuma yaron namu ne mai sa hankalin.”

Malam bai yi dariya ba, wanda hakan ya fi zafi. Ya ce ya ba mu mako ɗaya, don kada mutum uku da suka yi aikinsu su maimaita shekara saboda mutum ɗaya. A take rukunin ya yi sabon zaɓe ba tare da an tambaye ni ba, Hadiza ta karɓi fayil. Kwana shida na yi a gaban kwamfuta, tana tsaye a kaina tana nuna mini inda na kuskure. Talatar da ta zagayo na'urar ta yi tafiya, tana ɗan karkata hagu, takin kuma rabi a gindin shuka rabi a hanya. Muka samu makin da ya ishe mu wucewa. Wannan karon ban gayyaci kowa ba.

Yanzu a wurin aikina ma ina shugabantar mutane, kuma har yau ina zana jadawali. Sai dai idan abu ya lalace, kafin in miƙe in tambayi aikin wane ne, nakan karanta takardar a zuci tukuna, tun daga sama har ƙasa, sau biyu.