Kwamfutar Kaka Ta Ƙi Turke

"Lafiya lau, in ban da gajiyar jiran miji marar amfani. Shigo mana, ka tsaya a bakin ƙofa ka tare mini iska."

Da haka kakar Injiniya ta amsa gaisuwarsa, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ita ce duk unguwa ke kira Sakatariya, don ta yi ritaya daga aikin buga takardu a ofis amma yatsunta sun ƙi ritaya. A ɗan ɗakin da ke jikin falonta ta kafa tebur da tsohuwar kwamfuta, tana buga wa ɗalibai kundin kammala karatu. Ranar kuwa firintarta ta mutu murus, ga wata ɗaliba za ta zo da la'asar ta karɓi kundinta, wanda in bai shiga hannun malaminta yau ba, sai baɗi. An sayo sabuwar firinta, saura a saka wa kwamfuta manhajarta. Shi ya sa ta kira jikanta, mai gyaran kwamfutoci a wani kamfani, ya sato jiki lokacin hutun rana.

"Ni ne marar amfanin? To bari in koma, ki kira mai amfanin."

"Zauna, kafin in fasa aurenka. Da can ma tausayi ya sa na karɓe ka."

Ya ja kujera ya zauna, ya jona firinta. Yana kai hannu zai fara saka manhajar ta make masa yatsu da biro.

"Sai ka kafa mini turke tukuna."

Turke shi ne sunan da ta raɗa wa alamar nan da kwamfuta ke ajiyewa ta yadda take a yau, don in an saka mata sabon abu ya rikita ta, a jawo ta a mayar da ita inda take. Bara wani ya saka mata wata manhaja ba turke, haruffa masu lanƙwasa suka ɓace, duk inda ta buga ƙ ko ɗ sai akwati ya fito. Tun daga nan ba a taɓa mata kwamfuta sai da shi.

"Firinta ce fa, tsohuwa. Ba tiyata za a yi mata ba."

"Hannunka ne abin tsoro. Kana yaro ka gyara mini rediyo, har yau ba ta sake magana ba."

Ya yi tsaki, ya buɗe wurin kafa turken, ya danna. Wani ɗan layi ya yi ta rarrafe a allo, can sai kwamfuta ta yi ƙara, ta ce ba ta iya ba.

"Ka gani? Ta gane ka."

"Ba ni ta gane ba, tsufa ne. Ke da ita sa'o'in juna ne. An ce ranar da aka haife ki aka ƙera ta."

"In haka ne yarinya ce ɗanya, ka yi mata magana da ladabi."

Ya duba ko an kashe kariyar da ke ba da damar kafa turken. A kunne take. Ya shiga can cikin kwamfutar, inda ƙananan ma'aikatanta ke jere, ya tarar wanda ke ɗaukar kwafin yanayinta a tsaye yake, ba ya aiki.

"Ga matsalar. Ma'aikacinki ne ya yi barci."

"To ɗan'uwanka ne. Tashe shi yadda uwarka ke tashinka, da ruwan sanyi."

Ya tashe shi, ya sake dannawa, ya harɗe hannu yana murmushin wanda ya gama aiki. Layin ya rarrafa, ya rarrafa, ya tsaya. Ƙarar nan ta sake fitowa.

"Injiniya!" Ta tafa hannu. "Wai da gaske biyanka suke yi a kamfanin nan, ko sadaka suke ba ka?"

Ya duba ƙasan allo, sai ya dafe kai.

"Kaka, mene ne wannan? Maganin bairos har biyu? Wa ya saka miki?"

"Ni na ce a saka. Mai gadi ɗaya ai ba ya isa. Ɗaya na rana, ɗaya na dare."

"Faɗa suke yi da juna! Kowa na ganin ɗan'uwansa ne ɓarawon. Ta yaya za su bar wani ya yi aiki?"

"To ka raba su, amma kada ka kori na daren. Ya fi kirki."

Ya dakatar da su duka na ɗan lokaci. Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara, ogansa ne. Ya miƙe ya rage murya, yana cewa ga shi nan a hanya, cunkoso ne ya tare shi.

"Ƙarya yake yi, ranka ya daɗe!" Sakatariya ta ɗaga murya. "Yana wurin matarsa!"

Ya toshe wayar da tafin hannu, ya zare mata ido, ya ƙarasa maganar da kyar. Ya dawo ya danna da ƙarfi kamar zai fasa linzamin kwamfutar. Kwamfuta ta sake ƙi.

"Don girman Allah, Kaka, ki bari in saka firintar nan haka. In wani abu ya lalace, a wuyana."

"Wuyan naka da bai fi na kaza ba? Kundin yarinyar nan na ciki. In ta rikice da la'asar, kai za ka je ka yi wa malaminta bayani? Ba turke, ba firinta."

A nan ta daina dariya, shi ma ya ga da gaske take. Ya ja numfashi, ya koma ya duba abin da ya kamata ya fara dubawa tun farko, wato rumbun kwamfutar. Layinsa ya yi ja wur. Ko wurin ajiye allura babu, balle turke.

"Inna lillahi! Me kika cusa mata? Takardu ba sa cika rumbu haka."

"Kayana ne. Ina ruwanka da kayan mace?"

Ya bi sawu har ya kai ga wata folda da ta cinye kusan komai. Sunanta Mai Ƙaton Kai. Ya buɗe, sai ga 'yarsa, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba. Ga ta tana rarrafe, ga ta tana kuka a baho, ga ta tana cin takalmi. Duk bidiyon da aka taɓa tura wa dangi yana nan. Kuma ashe duk lokacin da Sakatariya ta jona wayarta, sai ta kwashe komai daga farko ta sake zubawa. Bidiyo ɗaya ya maimaitu har ido ya gaji.

"Au! Ke da kika ce kada a ƙara kawo miki ita, tana yaga miki takardu?"

"Munin nake kallo, in gode wa Allah da bai yi ni haka ba. Kan nan naka ne sak, kamar an ɗora tulu a kan tsinke."

"To za mu goge maimaicin, a bar ɗaya ɗaya."

"Ka goge, in goge ka daga gado."

"Iri ɗaya ne, Kaka! Wannan da wannan duk abu ɗaya ne!"

"Ƙarya ne. A wannan ta fi dariya."

"Bidiyo ɗaya ne aka kwafa!"

"Ni da nake kallo kullum ban sani ba, sai kai?"

Ya kifa kai a tebur. Da ma a ce abokin ciniki ne a ofis, da tuni ya tattara kayansa. Wayarta ta yi ƙara, ɗalibar ce, tana cewa ta taso. Sakatariya ta amsa da fara'a cewa komai ya kusa, ta kashe, ta zuba wa jikanta ido.

Ya jawo jakarsa yana gunaguni, ya zaro ɗan rumbun ajiya nasa na kansa, sabo fil, wanda ko ledar jikinsa bai gama ɓarewa ba. Ya jona, ya fara kwashe bidiyoyin zuwa ciki.

"Ara miki na yi. Kin ji? Aro."

"Na ji. Amma ba ka cire ko ɗaya daga nan sai na ga ya isa can da ƙafafunsa."

Haka kuwa aka yi. Ta gyara tabarau, ta sa shi ya riƙa buɗe mata su a sabon wurin, tana kallo tana zagin kan yarinyar, bakinta har kunne. Sai da ya cire su daga kwamfutar, jan layin ya washe, sannan ta yarda ya sake gwada turken. Layin ya rarrafa har ƙarshe, kwamfuta ta ce turke ya kafu.

"Alhamdu lillahi. Ka ga abin da na yi ta faɗa maka tun ɗazu."

"Me kika faɗa? Ke kika toshe ta!"

"Saka firinta, surutu ya yi yawa."

Ya saka, ba abin da ya rikice. Ya cire mai gadi ɗaya ya tashi ɗayan, ya rantse mata na daren ya bari. Firinta ta ja takarda, shafin farko na kundin ya fito da ɗuminsa, kowane ƙ da lanƙwasarsa. Ya miƙe da sauri ya rataya jaka, ya kai hannu inda ya ajiye rumbunsa. Wayam. Sakatariya na murɗa makullin durowa.

"Kaka, rumbuna."

"Wane rumbu? 'Yarka na ciki. Ka taɓa ganin an raba yarinya da ɗakinta?"

"Sabo ne fa! Ko amfani da shi ban fara ba!"

"Shi ya sa na karɓa. Tun da ka aure ni, me ka taɓa kawo mini sabo?"

Ya tsaya yana kallonta, ta jefa makullin cikin jakarta ta ɗora hannu a kai. Wayarsa ta sake ƙara. Dariya ta ƙwace masa, ya ɗaga hannu biyu sama.

"Na bar miki. Amma daga yau na sake ki, saki uku."

"Ka ja mini ƙofa in ka fita. Kuma ka turo na jiya, wanda take cin sabulu. Yanzu akwai wuri."