Fim Ɗin Da Na Ɓoye Da Sunan Wa'azi

Ba zan taɓa mantawa ba, ranar wata Talata ce da hantsi, ina kan keken ɗinki ina daje bakin wando, saƙon murya ya shigo wayata daga guruf ɗin unguwarmu. Wani malami ne yake magana, murya har tana rawa. Ya ce an fito da wani fim da ya nuna yarinya ta musulunta, daga nan wasu suka ja ta daji suka ɗora mata bindiga. Ya ce cin mutuncin addini ne, duk wanda ya kalla ya taya maƙiya aiki. Kafin azahar ba a maganar komai a Babura sai wannan, daga tasha har kasuwar hatsi.

Ni kuwa na riga na kalla. Sau uku ma.

Sati biyu kafin nan na je wurin Ɗanlami mai tura fina-finai a bakin tasha. Wanda ya san harkar ya san yadda ake yi: magidanci ba ya son iyali su ɗauki wayarsa su ga abin da yake kallo, sai ya sa a sauya wa fim suna.

"Tela, wane suna za mu raɗa wa jaririn?" in ji Ɗanlami.

Na ce, "Sa masa Wa'azi."

"Na nawa? Akwai alhajin da ya kai Wa'azi na Tara a wurina."

Na ce nawa na ɗaya ne, ya bar shi haka. (A lokacin gani nake na yi dabara.)

Ba son fim ne ya kai ni ba. Ƙanena Nasiru ne. Shekara huɗu da barinsa gida. Mun gaya wa mutane ya tafi haƙar zinare can arewacin Nijar, alhali wasu mutum biyu ne masu zuwa kasuwar dabbobi suka saba da shi har suka tafi da shi daji. Bara wata baƙuwar lamba ta kira ni, aka ce, "Ɗan'uwanka ya riga mu gidan gaskiya," aka kashe. Daga ni sai Inna, mahaifiyarmu, muka sani. Ta ce mu bar shi a zinaren, kada a riƙa nuna gidanmu da baki. Haka muka bar shi. In an ce min, "Yaya mai zinare?" sai in ce lafiya lau.

Fim ɗin akwai ƙarya a cikinsa, wannan ban musa ba. An tsara shi kamar duk wanda ya musulunta hanyar daji ya kama. Kakana na wajen uwa Bamaguje ne daga ƙasar Roni, da furfurarsa ya musulunta, kuma har ya mutu ko kaza sai dai ya ba wani ya yanka masa. Amma akwai wurin da ban iya wucewa ba. Mutumin da ke jan matasa a fim ɗin ba ya ihu, ba ya zare ido. Shayi yake saya musu, ya tambayi damuwarsu, ya saurara. A hankali sai su daina bin limamin gari, su daina cin abinci da 'yan gidansu. Haka Nasiru ya yi, daki-daki, ni kuma ina ta ɗinki ina cewa yaro ya kama addini.

Aka kira taro washegari bayan la'asar a ƙofar gidan mai unguwa. Ni ne sakataren ƙungiyar unguwa (ba don ilimi ba, rubutuna ne ke karantuwa), don haka ni aka sa na rubuta takardar koke a kan fim ɗin, don kowa ya sa hannu. Da hannuna na rubuta, "Mu da ba mu kalli wannan fim ba, kuma ba za mu kalla ba." Na miƙe a gaban dattawa na karanta ta da murya irin ta mai sanarwa a rediyo, har da ɗaga yatsa. Aka yi kabbara.

Mai unguwa ya ce, "Allah ya yi albarka, Tela. Yanzu a sa mana maganar malam, kowa ya ji da kunnensa."

An aro lasifika daga Islamiyya. Na ciro wayata zan nemo saƙon, sai Alhaji Sabo, shugaban ƙungiyarmu, ya miƙo hannu.

"Kawo nan, allura ta gama cinye maka ido."

Babba ne, ba na ce masa a'a ba. Ya haɗa ta da lasifikar, ya dinga dangwala da ɗan yatsa, ya ɓata hanya, ya faɗa inda bai kamata ba. Sai na ga fuskarsa ta washe.

"Masha Allah! Ga shi ma ya adana shi daban. Wa'azi. Ku ga mai kula da addini."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Abin da ya fito kawai shi ne, "Alhaji..."

Ya danna.

Kiɗa ya tashi, irin mai sanyin nan, sai muryar mace tana kuka. Ba daga farko ya soma ba, daga inda na tsaya jiya ya ci gaba, don kada wani ya yi zaton ban taɓa buɗe shi ba. Alhaji Sabo ya rikice, garin kashewa ya ƙara sauti. Can baya wani ya ɗaga murya, "Kai! Ai fim ɗin ne!" (Har gobe ina so in san yadda aka yi ya gane, tunda duk cikinmu ba wanda ya kalla.)

Da ƙasa za ta tsage da na shige na ja ta na rufe. Takardar na hannuna, da rubutuna mai kyau.

Da aka samu aka zare wayar, Alhaji Sabo ya yi ƙoƙarin rufa min asiri. Ya nuna Ɗanlami, wanda aka kira taron don a ja masa kunne.

"Aikin wancan ne. Ya tura masa bai sani ba. Ko ba haka ba, Tela?"

Ga ƙofa an buɗe min. Kuma gaskiya sai da kaina ya fara sunkuyawa zai ce e. Ɗanlami kallona kawai yake yi, irin kallon wanda ya san sunan jariran kowa.

Na ce, "Ba haka ba ne, Alhaji. Ni na ce ya tura. Ni na zaɓi sunan. Sau uku na kalla, wannan na huɗu ne kuka katse."

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Sakatare guda!" Wani ya ce, "Ku ƙyale shi, wa'azi ne ya ratsa shi." Na tsaya har suka gama. Kunyar ta riga ta kai inda za ta kai, babu sauran abin da zan tsare.

Na juya wurin mai unguwa na ce, "Ranka ya daɗe, rabin fim ɗin nan ƙarya ne, a kan wannan zan sa hannu yanzu. Ɗaya rabin kuwa a zauren gidanmu aka yi shi. Nasiru ba ya wurin zinare. Bai taɓa zuwa ba. Daga kasuwar dabbobin nan aka ja shi, da kofin shayi, muna kallo. Ya rasu. Ba fim ne ya ɗauke shi ba, lokacin ba a ma yi fim ɗin ba. In za a rubuta takarda a kan masu ɗaukar 'ya'yanmu, ni zan rubuta, kuma wannan karon ba zan yi ƙarya a ciki ba."

Mai unguwa ya daɗe yana dubana.

"Yaushe?"

"Bara, da kaka."

"Shekara guda ina ce maka yaya mai zinare, kana ce min lafiya lau?"

"Na yi, Baba."

Ya yi salati, ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga. Ranar aka fara yi wa Nasiru addu'a a bainar jama'a. Takardar koke ba wanda ya sa mata hannu, ba kuma wanda ya ce a yage ta. Wasu har yanzu suna ganin na kare fim ɗin arna, sun ɗauke ɗinkinsu daga shagona. Allah ya raka taki gona. Wasu kuma sukan zo su zauna a benci kamar masu jiran kaya, sai an watse su tambaye ni a hankali yadda Nasiru ya fara.

Sunana a tasha yanzu Malam Wa'azi, kuma ina amsawa. Abin da na koya kaɗan ne: in za ka ɓoye abu, kada ka sa masa sunan da dattijo zai yi marmarin dannawa. In kuma za ka karanta wa jama'a "ba mu kalla ba," fara duba aljihunka.

Kafin in isa gida ranar taron, labari ya riga ni. Na tarar da Inna a tsakar gida, mata biyu na tashi daga yi mata gaisuwa. Na durƙusa ina jiran faɗa. Ba ta yi ba. Ta ce, "Ka kwance abin da na ɗaure." Na ce ta yafe min. Can ta ce, "Wurin da aka nuna yadda suke jan su, ka sa min in gani."

Na ce to. Yau wata biyu ke nan, ban sa mata ba.